Shawarar Lauya: An Ɗaura Kulocin da Bai Dace Ba, Wa Zai Biya?

Tambaya: Barista, barka da aiki. Ina da Volkswagen Beetle ƙirar 1973. Na sayi filawil, wato farantin ƙarfe mai haƙora da kuloci ke zama a kansa, da saitin kuloci wajen dillalin kayan gyara, na faɗa masa shekarar motar, na kai wa makanike ya ɗaura. Ba a yi mako guda ba giya ta fara ƙin shiga, in na taka kuloci sai ƙara, ga mai yana ɗiga tsakanin inji da giyabos. Na mayar da ita gareji. Dillali ya ce ba ya karɓar kayan da aka ɗaura, makanike kuma ya ce ni na kawo kaya, kuma ba zai sakar mini mota ba sai na cika masa ragowar kuɗin aiki. Ina mafita?

Amsa: Malam, yarjejeniya biyu ka ƙulla, ɗaya ta ciniki da dillali, ɗaya ta aiki da makanike, kuma kowanne da abin da doka ta ɗora masa. Amma kafin a je ga doka, ƙarfen ne zai nuna mai laifi. Don haka kada ka yarda a sake kwance injin a bayan idonka. Ka samo wani makanike da ya san Beetle, wanda ba shi da alaƙa da su biyun, a sauke inji a gabansa, a ɗauki hoton komai kafin a taɓa.

Abin da za a fara dubawa shi ne murfin da ke matse faifan kuloci. Iri biyu ne a Beetle. Na kafin 1971 yana da zobe a tsakiyarsa, wanda boris ɗin kuloci ke turawa. Daga 1971 aka cire zoben, aka sa wa giyabos ɗan bututu kewaye da sandar da ke shiga faifan, boris yana zamewa a kansa. Murfi mai zobe da giyabos mai bututu ba sa haɗuwa, haka ma marar zobe da tsohon giyabos, kuma sakamakon shi ne irin ƙarar da ka ji da lalacewar boris. Sai a ƙirga haƙoran filawil: na mota mai wutar volt 12 irin taka haƙora 130 ne, yawanci da faifai mai faɗin milimita 200, na volt 6 kuwa 109 ne, yawanci da faifan milimita 180.

In aka tarar da zobe a murfin, hujjarka a kan dillali mai ƙarfi ce. Dokar Sayar da Kaya ta Ingila ta 1893, wadda ƙasashe da dama suka gada ko suka kwaikwaya, ta ce a sashe na 13 kayan da aka sayar bisa siffantawa dole su dace da siffar. Ka nemi na 1973, an ba ka na wata shekara. Sashe na 14 ya ƙara da cewa in ka sanar da mai sana'ar sayar da irin kayan abin da za ka yi da su, ka dogara da saninsa, wajibi ne kayan su yi wannan aikin. Ko da kayan na hannu ne, wannan yana rage abin da za ka sa rai na ƙarko ne kawai, ba ya halatta a ba ka na wata mota. Rubutun "ba a mayar da kaya" a jikin rasit ma, kotuna ba sa sakar masa linzami har ya rufe irin wannan saɓani, kuma dokokin kare masu saye a ƙasashe da yawa sun karya ƙarfinsa.

Sai dai akwai inda maganar ke juyawa. Motar da ta haura shekara hamsin ta bi ta hannaye da yawa, kuma sau da yawa giyabos ɗin da ke cikinta ba wanda ta fito da shi ba ne. Idan aka buɗe aka ga murfi marar zobe, giyabos kuma tsoho ne marar bututu, to dillali ya ba ka abin da ka nema, ba ka da abin kama shi da shi. A nan nauyin ya koma kan makanike kacokan.

Ko ta wace fuska ma, "kai ka kawo kaya" ba ta wanke shi. Gaskiya ne ba ya ɗaukar alhakin ingancin abin da bai sayar ba, amma doka ta ɗora wa duk mai karɓar kuɗi don aikin gwaninta ya yi shi da kulawa da ƙwarewar da ake tsammani daga ɗan sana'ar. Shi ne kaɗai ya ga murfin da bakin giyabos a lokaci guda. Ajiye sabo kusa da tsoho a kwatanta aikin minti biyu ne, kuma da ya yi, da ya kira ka kafin ya ɗaura.

Ɗigar man nan ta fi karkata gare shi. Duk lokacin da aka canja filawil a wannan injin sai an sake auna wasan da karanshaf, wato babbar sandar inji da filawil ke ɗaure a jikinta, ke yi gaba da baya, ya zauna tsakanin milimita 0.07 da 0.13, ana daidaita shi da siraran washa guda uku. Ana sa sabon sil na mai da sabon zoben roba na cikin filawil. Babban notin tsakiya, mai sifana 36, ana ɗaure shi da ma'auni zuwa wajen niyuton-mita 300 zuwa 350, gwargwadon littafin shekarar. In ya yi sako-sako, filawil ya riƙa motsi a kan 'yan ƙusoshi huɗu da ke riƙe shi, ramukansu su buɗe, har ɓarnar ta kai ga karanshaf. Notocin murfi shida ana bin su a gicciye, kaɗan-kaɗan, zuwa niyuton-mita 25, sannan a bar wa feda wasan milimita 10 zuwa 20. Ka sa makanike mai duba ya rubuta abin da ya auna a kowanne, ya sa hannu da kwanan wata. Faifan da ya sha mai ya tashi daga aiki, kuma kuɗinsa yana cikin abin da za ka nema.

Batun riƙe mota: a ƙa'idar da aka gada daga Ingila, mai gyara yana da ikon riƙe abin da ya gyara har a biya shi. Amma ikon yana faɗuwa da zarar ya saki motar da yardarsa, kuma dawo da ita daga baya ba ya raya shi a kan tsohon bashi, sai in kun yi wata yarjejeniya a rubuce. Tunda ya ba ka ita ka tafi, riƙon da yake yi yanzu ba shi da tushe mai ƙarfi. Ba shi kuma da ikon sayar da ita da kansa. Duk da haka kada ka je ƙwace ta da ƙarfi. In kana buƙatarta da gaggawa, ka biya, ka rubuta a rasit cewa ka biya ne ba tare da amincewa ba kuma za ka nemi hakkinka.

Ka hanzarta a kan dillali. Sashe na 35 na dokar sayar da kayan yana ɗaukar wanda ya riƙe kaya fiye da lokacin da ya dace bai ce komai ba a matsayin wanda ya karɓa, kuma daga nan mayar da kaya ya wuce, sai neman diyya kawai. Ka rubuta masa yau, ko ta saƙon waya ne, cewa ka ƙi kayan kuma ga dalili. In motar ta dawo hannunka, kada ka tuƙa ta kafin a gyara, domin ɓarnar da ta ƙaru bayan ka san da matsala kotu za ta bar maka ita.

Da rahoton ya fito, ka aika wa kowannensu wasiƙa da kwafinsa, ka ba da wa'adin kwana 14. Abin nema shi ne kuɗin kayan da ya dace, ladan sake sauke inji da mayar da shi, da duk abin da kuskuren ya lalata. Gyaran tsohuwar cutar motar ba ya ciki. In sun ƙi, sai hukumar kare masu saye ko kotun ƙananan ƙararraki ta inda kake, ka haɗa su biyu a ƙara ɗaya, don in kowanne ya tura wa ɗan'uwansa laifi, alƙali ya raba musu gwargwadon abin da rahoton ya nuna.