Amsa: Shin horar da mata a fasaha yana rage wa maza guraben aiki?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko shirye-shiryen koya wa mata rubuta manhajar kwamfuta ba za su rage wa mazan da suka kammala jami'a bana damar samun aiki ba. A ganina ka ɗauki wannan sana'a tamkar gonar gado, wadda in aka ƙara wa wani kadada sai an rage wa wani, alhali kuwa tana faɗaɗa ne gwargwadon yawan masu iya ta.

A Amurka, a shekarar 1984 mata ne suka karɓi kusan kashi 37 cikin 100 na digirin farko a kimiyyar kwamfuta, amma zuwa 2010 adadin ya faɗi ƙasa da kashi 20, kuma a tsakanin nan kamfanonin ƙasar suka yi ta kukan ƙarancin ƙwararru har suna ɗauko ma'aikata daga Indiya. Janyewar matan giɓi kawai ta bari.

A Najeriya ma, shirin koyar da fasahar zamani na 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 burinsa horar da mutum miliyan 3, alamar cewa hannaye ne suka yi kaɗan. Macen da ta ƙware ta buɗe kamfani a Kano za ta ɗauki maza aiki, kuma ita ta fi sanin irin manhajar da matan da ke sana'a cikin gida suke buƙata, kasuwar da ni da kai ba ma shiga. Na yarda zaman jiran aiki bayan hidimar ƙasa akwai ciwo, amma abin da ya fi tare maka hanya shi ne rashin wuta, tsadar intanet da ƙarancin gogewa.