Jus ba ya kwana a shagona

Kai yaro, na ga saƙonka, wai ko za ka iya matse kankana da abarba tun dare ka aje ka saida da sahe, kuma ko amfaninshi ga jiki shina nan. Wallahi sai da raina ya ɓaci, don ka tuno min abin da har yau ban huce ba.

Shekara 4 ke nan, cikin Afrilu, zahin nan namu na Sakkwato da ke haye digiri 40, wata hajiya daga wajen Mabera ta zo wai walimar ɗiyarta, gora 250 take so, kankana da abarba da citta. Munka yi ciniki ta aje rabi kafin alƙalami. Na ce Hajiya ki bari in matse da asubar ranar, ƙarhe goma a ɗauka cikin kula da ƙanƙara, tac ce a'a ita tun jajibiri take son kayanta, ai akwai babbar firiza gida. Raina bai kwanta ba amma na yarda. Kankanar nan da hannuna na zaɓe ta ɗaya bayan ɗaya, ina bugawa ina saurare, ni da yara biyu tun azahar muna yanka muna matsa har yatsuna sunka yi hwari don ruwan abarba. Ƙarhe tara na dare direbanta ya kwashe. Ashe anka ɗauke wuta, ba wanda ya tada janareto, rabin gorunan ma cikin but ɗin mota sunka kwana. Washegari sai ga direba da goruna sun kumbura, ka murɗa murhi ya yi tsiii kumfa na hitowa, tsami ya cika shago. Ta kira ni gaban mutane tana hwaɗa wai ruɓaɓɓen kaya na matse mata. Cikon kuɗina har yau ban gani ba, kuma ta bi gidajen suna da biki tana ɓata ni, kwastomomi biyu manya na rasa a kan haka, ni da ban taɓa sa ma kowa kala ko ruwan rijiya cikin jus ba. Na bar ta da Allah.

To ka ji. Ɗan itace in ka raba shi da ɓawonshi ka matse, galibinshi ruwa ne da sukari, zahi na taɓa shi ƙwayoyin cuta za su hau aiki. Kankana ita ke hwara lalacewa, sama da kashi 90 nata ruwa ne kuma ba ta da tsamin da zai ɗan kare ta irin na lemu. Bitamin C ɗin da mutane ke biyan kuɗi dominshi cikin lemu da abarba shi ma iska da zahi da haske na rage shi. A matse a sha, nan amfanin yake. Karas ko jiki na juya shi ya zama bitamin A, shina taimakon ido, ka riƙa haɗa shi da lemu da 'yar citta. Kankana da gwanda ka buga su a bilenda kar ka tace, tukar nan da kake zubarwa ita ke gyara ciki kuma ita ke hana sukari ruga ma jini lokaci guda.

Saboda haka in mai ciwon suga ya zo, kar in ji ka ce mishi sha abinka ba mu sa sukari ba. Kofi ɗaya lemu uku ko huɗu ne ciki, Hukumar Lafiya ta Duniya ma cikin sukarin da za a rage take lissafa na jus. Ka ce mishi ya ɓare lemu guda ya ci, ya tambayi likitanshi. Mu ba masu magani ba ne.

Wankin kaya da wuƙa da rariya ba zan tsaya koya maka ba, wata shida kana shagona. Ni na san abin da ya sa ka yi tambayar nan, ku yaran yanzu ku kwana kuna latsa waya a TikTok sannan ku nemi dabarar da za ta bar ku ku yi barcin sahe. Gobe in an sallame asuba in same ka bakin shago, akwai lemun Binuwai buhu biyu da za mu ɗauko, ka biya ka karɓo ƙanƙara kan hanya.