Kafin ki kai su gandun daji, ki fara koya musu yadda ake ɓata

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Na ga tambayarki: za ki kai yaranki uku gandun daji na ƙasa a karon farko, babban shekararsa 10, autar 5, kina neman abin da za ki koya musu don su ƙaru, su kuma dawo gida lafiya. Waɗanda suka riga ni sun yi maganar takalmi rufaffe da hula da ruwan sha, duk gaskiya suka faɗa. Ni zan fara da abin da ya taɓa samuna, don na daɗe ina kai yarana da na 'yan'uwa irin waɗannan wurare, kuma akwai ranar da na ga tashin hankalin da ba na yi wa kowa fatansa.

Ɗana na tsakiya yana da shekara 7 a lokacin. Muna tafe a ƙafa tare da jami'in gandu, yaron ya hango wani tsuntsu mai dogon bindi, ya ratse ya bi shi. Ni ina gaba ina hira, na ɗauka yana wajen mahaifiyarsa, ita kuma ta ɗauka yana wajena. Da muka farga, sai ihu da kiran suna ta ko'ina. Kusan minti ashirin muka yi a haka, ƙafafuna har rawa suke. Ashe yana bayan wani dutse, bai fi taku ɗari daga hanya ba, a tsugune, yana jin duk kiran da ake masa. Da na tambaye shi me ya hana shi amsawa, sai ya ce muryar da ta fi kusa da shi ta baƙo ce, kuma mun ce masa kada ya kula baƙo. Ya ƙara da cewa, "Kuma Baba na san duka zan sha." Wannan maganar ta fi ɓatan nasa yi mini ciwo.

Daga baya na gano ba ɗana kaɗai ke yin haka ba. A Amurka akwai wani shiri na koyar da yara da ake kira "rungumi bishiya", wanda aka faro a 1981 bayan wani yaro ɗan shekara 9 ya ɓata a dutsen Palomar da ke jihar Kalifoniya, aka yi kwanaki ana nema, aka tsinci gawarsa. Darasin shirin ɗan kaɗan ne: da zarar ka ga ka ɓata, tsaya cak, nemi bishiya ka zauna a gindinta, kada ka motsa. Dalili kuwa, yaron da ke ta yawo yana ƙara faɗin dajin da za a bincika, har ma yakan koma inda masu nema suka riga suka duba suka wuce.

To ga yadda nake yi yanzu. Mako guda kafin tafiya muke fara wasan ɓata a kowane fili da muka samu. Kowane yaro da usur rataye a wuya. Zan ce "ka ɓata", sai ya tsaya, ya zauna, ya busa sau uku, ya yi shiru ya saurara, ya sake busawa. Busa uku alama ce ta neman agaji da masu ceto suka sani, kuma usur ya fi murya zuwa nesa, ga shi ba ya dishewa. Sai in sa wani babba da yaran ba su saba da muryarsa ba ya kira sunansu, su amsa da ƙarfi. Ki faɗa musu ƙarara cewa a daji duk wanda ya kira sunansu taimako ya kawo. Ki kuma yi musu alkawarin babu duka babu faɗa ga wanda ya ɓata, ki riƙe alkawarin. Abu ɗaya za ki ware musu: idan hadari ya taso ana walƙiya da tsawa, ba a fakewa ƙarƙashin doguwar bishiyar da ke tsaye ita kaɗai.

Da safiyar ranar ki sa musu kaya masu hasken launi, ki ɗauki hoton kowanne a wayarki har da ƙasan takalminsa. Masu bin sawu da shi suke aiki. A kan hanya kuma babba ɗaya a gaba, babba ɗaya a can baya, kuma a furta da baki wane ne ke kula da wane. Kuskurena ke nan a waccan ranar.

Sai dabbobi. Yara zaki suke tsoro, alhali wanda ya fi raunata mutane shi ne mai kama da salihi. A Yelosuton da ke Amurka, gandun ƙasa na farko a duniya da aka kafa a 1872, hukumar wurin ta ce ɓaunar Amurka ta fi kowace dabba ji wa baƙi ciwo. Tana tsaye tana kiwo kamar saniyar gida, amma in ta zabura gudunta ya ninka na mutum sau uku. Dokarsu ita ce a ba ta tazarar yadi 25, wato wajen mita 23, beya (wata ƙatuwar dabba mai gashi da farata) da kyarkeci kuma yadi 100. Yaro ɗan shekara 5 bai san mita ba, don haka ga dabarar da ta yi mini aiki: ya miƙe hannunsa sosai, ya ɗaga babban yatsa, ya rufe ido ɗaya. In yatsan ya rufe dabbar baki ɗaya, to da sauƙi. In kunne ko bindi ya leƙo, an matsa da yawa, a ja da baya a hankali ba tare da gudu ba. Yara suna son wannan, har su riƙa kama manya da laifi. Kuma gaskiya manyan ne matsalar. Uban da ya fito daga mota don ɗaukar hoton giwa ya rushe duk karatun da aka yi a gida. A gandun Kuruga na Afirka ta Kudu doka ce ka zauna cikin motarka sai a wuraren da aka keɓe, kuma gandaye da yawa haka suke.

Ba dabba abinci kuwa, ki hana shi tun daga gida, ki faɗi dalili. Birin da ya saba karɓa daga hannu gobe fizga zai yi, jibi cizo, kuma dabbar da ta fara cizon baƙi sau da yawa kashe ta ake yi. Da na gaya wa 'yata haka, ita da kanta ta koma mai gadin jakar abinci.

Bakin ruwa ki riƙe hannun autar. Ruwan da ya kwanta luf yana iya ɓoye kada ko dorina, kuma a ƙasashe masu zafi wanka a tafki na jawo tsargiya. Kada kowa ya shiga sai inda jami'ai suka ce ana shiga. Maciji kuma yawanci gudun mutum yake, sai an taka shi ko an kai hannu inda yake. Don haka ba a cusa hannu a rami ko ƙarƙashin dutse, kuma in an tarar da gungume a hanya a hau kansa a duba kafin a sauka. In tsautsayi ya faru, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A cire zobe ko abin hannu, a hana yaron motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti. Da yamma a duba kaska a bayan kunne, hammata, bayan gwiwa da cikin gashi.

Kada duk wannan ya sa ki mayar da tafiyar zaman gargaɗi. Yaron da aka cika wa kunne da "kar ka taɓa, kar ka je" zai dawo yana ƙin daji. Kuma kada ki yi musu alkawarin zaki ko giwa, don dabba ba ta san kun biya kuɗin shiga ba. Na taɓa yin wannan alkawarin, muka yini ba mu ga komai ba sai barewa biyu, aka dawo ana kumbure-kumbure. Tafiyar da suka fi tunawa har yau ita ce wadda muka durƙusa kusan rabin awa muna kallon buzuzu yana mirgina dunƙulen kashin giwa da ƙafafunsa na baya, kansa a ƙasa. Ya faɗa wani ɗan rami, ya fito, ya hau kan dunƙulen ya juya kamar mai duba hanya, ya ci gaba. Tambayoyi suka yi ta zuwa: ina zai kai shi, me zai yi da shi? Jami'in ya bayyana musu cewa binne shi yake, ya ci ko a sa ƙwai a ciki, ƙasa kuma ta samu taki. Daga nan suka shiga neman sawu, suna gardamar wanne ne na gada wanne ne na biri. Na lura tun daga lokacin idonsu yana ƙasa in suna tafiya, kuma mai irin wannan idon shi ke fara ganin maciji da kunama.

Wani abin da muke yi shi ne shirun minti biyar. Kowa ya zauna ya rufe ido, ya ƙirga sautuka nawa ya ji da yatsunsa. Autarki za ta iya wannan, wataƙila ma ta fi yayyenta. Babban kuma ki ba shi ɗan littafi da fensir ya zana abin da ya gani, a maimakon tsinko fure ko cika aljihu da duwatsu, tunda a yawancin gandaye haramun ne a fita da komai. In suka yi tambayar da ta fi ƙarfinki, ki ce "mu tambayi jami'i". Gandayen Amurka har ɗan littafin aiki suke ba yara, wanda ya kammala a ba shi bajon ƙaramin jami'i, don haka ki tambaya a ƙofa ko naku yana da makamancinsa.

A ƙofar dai ki tambayi abu uku: wace hanya ce ta dace da 'yar shekara 5, ƙarfe nawa ake rufewa, kuma wace lamba ake kira in an shiga matsala. Ki rubuta lambar a takarda, don waya takan rasa sabis a ciki. Ku fita da sassafe, ku yi tafiya daidai ƙarfin autar, ku juyo tun ba ku shanye rabin ruwanku ba. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, ki zo ki ba mu labarin abin da suka gani.