Takardar kakana ta ce 82 Dibishin, to a Enugu ya yi aikin soja?

Tambaya: Malam, mun samu takardar sallamar kakanmu a akwatinsa, an rubuta 82 Dibishin. Ni dai na san 82 tana Enugu, amma shi labarin ƙasar Bama, wato Myanmar ta yanzu, yake ba mu kullum, yaya abin yake?

Amsa: Allah Ya jiƙan Baba. Gaskiya ya faɗa muku, 82 ɗinsa daban, ta Enugu daban, suna ne kawai ta gada.

Tasa Turawan Ingila ne suka kafa ta a 1943 lokacin yaƙin duniya na biyu, ita da 'yar uwarta 81, suka zuba sojan Najeriya da na Gwalkwas wato Gana ta yanzu, ita 81 har da na Saliyo da Gambiya, aka ɗora su a jirgin ruwa sai Indiya, daga can aka tura su Bama su gwabza da Jafan. 81 ta yi fama a kwarin Kaladan, ita kuma 82 a yankin Arakan, kuma a Janairun 1945 suka haɗu a Myohaung bayan sun kori Jafanawa. In ka ga baje, wato alamar runduna, a cikin kayansa ka duba da kyau, na 82 mashi biyu ne a gicciye kan gammo, na 81 kuwa baƙin gizo-gizo. Gammon nan ba ado ba ne wallahi, dajin ba hanyar mota, mutane ne ke ɗaukar harsashi da abinci da kayan asibiti a ka suna hawan duwatsu, kuma har yau in na tuna yadda aka manta da masu dakon nan raina yana sosuwa.

Abin da zan so ka bi shi ne bataliyarsa, domin soja a bataliya yake rayuwa, dibishin rumfa ce da ake tara birged a ƙarƙashinta, yau a haɗa gobe a raba. Wasu bataliyoyin da suka shiga 82 sun riga sun yaƙi Italiya a Somaliya da Habasha a 1941, to in Baba tsohon hannu ne mai yiwuwa ya ga Mogadishu kafin Bama.

Su kansu barikokinmu tarihin nan suke riƙe da shi. Barikin Myohaung da ke Yaba, na Arakan a Apapa, Letmauk a Ibadan, Kalapanzin a Kaduna, duk sunayen wurare ne a Bama. Barikin Chindit na Zariya kuma daga rundunar Janar Wingate na Ingila ya samo suna, wadda birged guda ta 'yan Najeriya ta yi yaƙi a cikinta a 1944.

Dibishin na ɗaya da na biyu da na uku na sojan Najeriya sai a yaƙin basasa aka kafa su, 1967, na Enugu ma daga baya ne aka laƙaba masa 82 don tunawa da su Baba. Ka turo min lambar sojansa da sunan bataliyar, kuma don Allah a cire takardar daga akwatin nan a sa ta a leda kafin gara ta cinye.