Tambaya da Amsa: Barin Chrome a koma wata burauza, me ake samu, me ake rasawa?

Wasiƙun wannan wata sun fi karkata kan burauza, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, wadda wayoyinmu masu Faransanci ke rubutawa « navigateur ». Ga waɗanda muka zaɓa.

Daga wani ɗan kasuwa, Katako, Yamai: Assalamu alaikum. Wayata ƙarama ce, RAM ɗinta giga 2. Chrome ya yi mini nauyi, forfe kuma ba ya daɗewa. Yaran shago sun ce in koma Opera Mini. Shawararsu tana kan hanya?

Wa alaikumus salam, Alhaji. Yaran sun yi gaskiya a rabin maganar, sun bar maka rabin da ya fi muhimmanci.

Opera Mini, wadda kamfanin Opera na ƙasar Norwe ya fitar a 2005, ba ta aiki kamar sauran. Idan ka buɗe « Économies de données » ka zaɓi « Extrême », wayarka ba ta zuwa shafin kai tsaye. Manyan kwamfutocin Opera ne ke buɗe shafin, su rage hotuna, su zubar da tarkace, su aiko maka da shi a matse. Kamfanin ya ce ragin yana kai kashi 90 cikin 100. Shafi ɗaya a yau yakan ci mega 2 ko fiye, don haka inda rezo ba shi da ƙarfi za ka ga bambancin da idonka. Chrome ma yana da irin wannan tsari a da, amma Google ya cire shi a 2022, lokacin fitowar Chrome 100.

Ga rabin da suka bari. Kafin kwamfutar Opera ta matse shafi, dole ta buɗe shi ta ga abin da ke ciki, har da shafukan da ke da https, wato waɗanda bayanansu ke tafiya a rufe. Ke nan kalmar sirrin da ka rubuta a wannan yanayi ba daga wayarka zuwa banki take tafiya a rufe ba, sai ta yada zango a hannun wani. Ba mu ce ana sata ba. Amma ɗan kasuwa ya san bambancin miƙa kuɗi hannu da hannu da aika yaro da su. Sannan shafukan da ke da fom na cikewa ko maɓallan biyan kuɗi sukan rikice a « Extrême »: ka danna, shafin ya sake lodi, abin da ka rubuta ya ɓace.

Don haka ka riƙe burauza biyu. Opera Mini don labarai, sakamakon ƙwallo da duba farashi. Banki, imel da duk inda za ka sa kalmar sirri ko lambar kati, ka yi su a Chrome, Firefox ko Brave.

Idan ɗaya kake so, Brave ta fi dacewa da wayarka. Injinta, wato ɓangaren da ke sarrafa shafi ya nuna shi, ɗaya ne da na Chrome, amma tana toshe talla da masu bin sawu, wato masu tattara bayanan inda ka shiga, tun daga farko, ba sai ka saita komai ba, kuma su ne ke cin kaso babba na mega da RAM a shafukan labarai. Tana zuwa da nata kayan talla da na kuɗin kirifto. Ka kashe su a « Paramètres », ba ka da buƙatarsu. Firefox ma tana yi, in ka shiga « Extensions » ka sa uBlock Origin, ƙaramar manhajar toshe talla, abin da Chrome na waya bai yarda da shi ba sam.

Kafin duk wannan, duba shafuka nawa ka bari a buɗe. Lambar tana cikin ɗan akwatin da ke gefen adireshi. In ta wuce goma, rufe su. Ka kuma tabbata ma'ajiyar wayar tana da aƙalla giga 1 fanko, domin wayar da ta cika taf kowace burauza aka sa mata ja za ta yi.

Daga wani ɗalibi, jami'ar Tawa: Muna ta gardama a ɗaki. Wani ya ce Edge ta fi gudu, wani ya ce Brave, ni na ce Firefox. Ta yaya za mu gwada a raba gardama?

Ɗan'uwa, fara da sanin cewa sunayen sun fi injunan yawa. Manyan injuna uku ne kacal: Blink, Gecko da WebKit. Chrome, Brave, Opera, Vivaldi da Samsung Internet duk Blink ne, daga Chromium, tushen da aka gina Chrome a kansa. Edge ma ta koma can a watan Janairun 2020. Firefox ce ke kan Gecko na Mozilla, Safari kuma WebKit. Saboda haka abokanka biyu a kan inji ɗaya suke gardama; abin da ya raba su shi ne abin da kowace ke toshewa da abin da ta ɗora wa kanta. Mai iPhone kuwa ba shi da ta cewa, domin a nan ƙasashenmu duk burauzar da ya sa, WebKit ce a ciki.

Gudu iri biyu ne. Na farko shi ne saurin da burauza ke sarrafa shafi bayan ya iso. Wannan ana auna shi da Speedometer 3 a shafin browserbench.org, gwajin da injiniyoyin Apple, Google, Microsoft da Mozilla suka haɗu suka fitar a 2024. A rufe duk sauran manhajoji, a kashe « Économiseur de batterie », a yi gwajin a na'ura ɗaya, a kwatanta makin. Mai maki mafi yawa ta fi. Kada ku kwatanta makin wayarka da na wayar abokinka, wannan gwajin waya ne ba na burauza ba.

Na biyu shi ne wanda ya dame mu a Tawa: daga dannawa zuwa buɗewar shafi a kan rezon da muke da shi. Ku zaɓi shafuka biyar da kuka saba shiga. Kafin kowane gwaji a goge ajiyar wucin gadi, wadda aka rubuta « cache » a cikin saituna, in ba haka ba burauzar da kuka saba da ita za ta ci gasar da abin da ta riga ta ajiye. A yi da layi ɗaya, a wuri ɗaya, cikin rabin awa ɗaya. Kowane shafi sau uku, a ɗauki lokacin tsakiya a bar na sama da na ƙasa. Sannan a shiga « Paramètres », « Applications », a duba mega nawa kowace ta ci kafin gwaji da bayansa.

Abubuwa biyu ke ɓata irin wannan gwaji. Na ɗaya lokaci: rezon bayan sallar isha'i, da kowa ke kan waya, ba ɗaya yake da na asuba ba. Na biyu zafi. Waya in ta yi zafi tana rage gudun kanta da kanta don kada ta lalace, kuma a bazarar Afrilu da Mayu ba ta daɗewa kafin ta kai haka, balle in tana kan caji. Burauzar da aka gwada daga ƙarshe sai ta zama kamar ita ce mai nawa. Ku riƙa sauya jerin, ku bar wayar ta huce.

Abin da muke tsammanin za ku gani: a gwaji na farko tazarar ba ta da yawa, a na biyu kuma wadda ke toshe talla ce za ta ci, ko wace ce.

Daga mai shagon buga takardu, Yantala, Yamai: Kwamfutocina biyu Windows 7 ne. Chrome ya daina sabuntawa, wasu shafukan rajista ba sa buɗewa daidai. Wace zan sa?

Malam, matsalarka ta fi ta rashin buɗewar shafi. Chrome 109 na watan Janairun 2023 shi ne na ƙarshe a Windows 7 da 8.1, haka ma Edge 109. Duk ɓarakar tsaro da aka gano tun daga nan tana nan a buɗe a kwamfutarka, alhali mutane na shigar da imel ɗinsu da takardun shaidarsu a kanta. Firefox 115 ESR ce ta fi daɗewa tana samun gyara a Windows 7, domin Mozilla ta yi ta ƙara mata wa'adi, amma ita ma ta ƙarshe ce a wannan tsari. Ka sa ta daga mozilla.org kawai, a matsayin mafaka ta ɗan lokaci.

Maganin gaskiya shi ne barin Windows 7, wadda Microsoft ta daina kula da ita tun 14 ga Janairun 2020. Windows 10 ma wa'adinta ya cika a 14 ga Oktoban 2025. In kwamfutar ba za ta ɗauki Windows 11 ba, Linux Mint, wadda ake girkawa a madadin Windows, kyauta ce, tana zuwa da Firefox da LibreOffice mai yin irin aikin Word da Excel, tana tafiya lafiya da RAM giga 4. Ka fara gwada ta daga USB ba tare da ka girka ba, ka ga ko na'urar buga takardarka da ta sikan suna aiki, domin nan ne aka fi samun cikas. Ka guji burauzar da wani ya kwafo maka ya ce "an gyara ta" don tsohuwar Windows. Ba ka san me aka ƙara a ciki ba.

Don ɗaukewar wuta: in kwamfuta ta mutu ana cikin aiki, Ctrl da Shift da T a tare suna dawo da shafukan da suka rufe.

Daga wata malamar makaranta, Tawa: Kullum wayata na nuna saƙo wai ƙwayar cuta ta kama ta, in danna in goge. In na sauya burauza zai daina?

Malama, kada ki danna. Kusan kullum wannan ba cuta ba ce, sanarwa ce daga wani shafi da aka taɓa danna wa « Autoriser », yawanci wajen neman sauke waƙa ko fim. A Chrome ki shiga ɗigo ukun nan na sama, « Paramètres », « Paramètres des sites », « Notifications », ki toshe duk sunan da ba ki sani ba. In saƙon bai daina ba, ki danne shi da yatsa na ɗan lokaci, wayar za ta nuna manhajar da ke aiko shi, ki cire ta. Sauya burauza zai kawar da saƙon na yau, amma in aka sake danna « Autoriser » a sabuwar, zai dawo.

Daga wani ma'aikacin ofis, Plateau, Yamai: To wace ce ta fi tsaro? Kuma in zan koma Firefox, yaya zan yi da kalmomin sirrina da ke Chrome?

Yallaɓai, tsaro da sirri abu biyu ne da ake yawan haɗawa. Tsaro shi ne hana mugun shafi kutsawa cikin na'urarka. A nan Chrome da danginsa suna da ƙarfi: tun 2018 Chrome na kwamfuta ke killace kowane shafi a ɗakinsa, Firefox ta kawo irin wannan a ƙarshen 2021. Sirri kuwa shi ne rage masu tattara bayanan inda ka shiga. A nan Firefox da Brave sun fi, domin Google da talla yake samun yawancin kuɗinsa. Firefox tana toshe masu bin sawu tun 2019, kuma tun 2022 take ware kukis, wato 'yan bayanan da shafuka ke ajiyewa a na'urarka, na kowane shafi daban. Sauyin dokokin ƙarin manhajoji da ake kira Manifest V3 ya sa cikakken uBlock Origin ya daina aiki a Chrome, sai ƙaraminsa mai suna Lite, amma a Firefox yana nan.

A ganinmu, tsakanin manyan nan huɗu, Chrome, Edge, Firefox da Brave, wadda aka sabunta ita ce mai tsaro. Masu kashe sabuntawa a Play Store don tanadin mega sun fi kowa shiga haɗari. A saita ta kan Wi-Fi, ko a yi ta da forfen dare. Wadda za mu ce a yi hattara da ita kai tsaye ita ce UC Browser: a 2015 cibiyar Citizen Lab ta jami'ar Toronto ta nuna tana aika bayanan masu amfani da ita ba tare da kariya mai kyau ba, Indiya kuma ta haramta ta a 2020.

Batun ƙaura. A kwamfuta, Firefox tana tambaya tun buɗewar farko ko za ta kwaso alamomin shafuka, tarihi da kalmomin sirri daga Chrome. Ka rufe Chrome tukuna, sannan ka amince. In kalmomin sirri sun ƙi zuwa, ka fitar da su daga Chrome da « Exporter les mots de passe », ka shigar da fayil ɗin a Firefox. Nan ne haɗarin yake: fayil ɗin CSV ne, komai a fili yake, duk wanda ya buɗe shi da Excel zai karanta. Da ka gama ka goge shi, ka zubar da « Corbeille », kada ka tura wa kanka ta WhatsApp. Bayan haka ka sa « mot de passe principal » a Firefox, musamman in kwamfutar ofis ce da wasu ke taɓawa. Don su iso waya, ka buɗe asusun Mozilla ka kunna « Sync » a duka biyun. Kada ka cire Chrome sai bayan sati biyu, domin akwai shafukan hukuma da na banki da aka gwada su da shi kaɗai. A Android, « Applications par défaut » ne wurin da za ka mai da sabuwar ta zama mai buɗe duk adireshin da ka danna.

Daga wata ɗaliba, Harobanda, Yamai: In na yi amfani da « navigation privée », ko VPN ɗin da ke cikin Opera, babu mai ganin abin da nake yi?

Ƴar'uwa, akwai. « Navigation privée » tana hana wayar ajiye tarihi ne kawai, don mai aron wayarki kada ya gani. Kamfanin layinki, mai Wi-Fi da shafin da kika shiga duk suna ganin kin zo, abin da kika sauke kuma yana nan a « Téléchargements ». VPN hanya ce ta rufe abin da kike yi daga idon kamfanin layi da mai Wi-Fi, amma na Opera abin da ke cikin burauzar kaɗai yake rufewa, ba ya taɓa WhatsApp ko Facebook da ke wayar, kuma yakan rage gudu. Tor Browser ta fi su ɓoye mutum, tana bi da ke ta tashoshi uku kafin ki isa shafi, amma a kan rezo mai rauni za ki jira sosai, kuma da zarar kin shiga asusunki da sunanki, shafin ya san ke ce.