Za ni Norway, me zan ci a bakin teku?

Tambaya: Anti, barka da aiki. Na samu gurbin ƙaro karatu a birnin Bergen na ƙasar Norway. An ce mini abincinsu kifi ne. Wane zan nema, a ina, kuma ya batun halal? Ƙanwarki daga Samaru, Zariya.

Amsa: Ƙanwata, Allah ya sa albarka a karatun. Kwantar da hankalinki, kifinsu ba baƙonki ba ne. Busasshen kifin nan mai tauri kamar itace da ake sayarwa a kasuwar Sabon Gari, wanda Ibo ke kira okporoko, ai daga can yake zuwa. Kifin kod ne. Daga Janairu zuwa Afrilu yakan gangaro daga tekun Barents zuwa tsibiran Lofoten da ke arewacin Norway don ya zuba ƙwai. Masunta su kama, su ɗaure bibbiyu ta wutsiya, su rataye a kan katako daga Fabrairu zuwa wajen Mayu. Ba gishiri, ba hayaƙi, iska mai sanyi kaɗai ke busar da shi. Kawunan kuwa Najeriya ce babbar kasuwarsu.

A Bergen ki fara da miyar kifinsu, fara ce, da kirim ɗin madara da karas. Za ki same ta a kasuwar kifi ta Fisketorget, dab da tsohuwar unguwar 'yan kasuwa ta Bryggen, sai dai akwai tsada don 'yan yawon buɗe ido sun yi yawa. Ni na fi so ki je shagon Søstrene Hagelin, wanda ke soya wainar kifi tun 1929, ki ci da zafinta.

Idan hutu ya kai ki arewacin ƙasar lokacin sanyi, ki nemi mølje: dafaffen kod da hantarsa da ƙwansa, da dankalin Turawa. A garin Kristiansund kuma akwai bacalao, kifi mai gishiri da aka dafa da tumatir da albasa da barkono. Shi ne zai fi kusa da harshenki.

Batun halal, don Allah kada ki ji kunyar tambaya. Suna yawan barbaɗa soyayyen naman alade a kan kifi, musamman lutefisk na lokacin Kirsimeti (busasshen kifi ne da ake jiƙawa a wani irin ruwan toka har ya yi laushi), wasu kuma na zuba giya a miya. Kafin ki biya, ki ce a faɗa miki abin da ke ciki. Suna jin Turanci sosai.

Ki kuma daka yajinki ki tafi da shi, don abincinsu ba ya da yaji.