Sababbin ma'aikata suna tafiya kafin wata 3: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ce manajar wani ƙaramin kamfani mai ma'aikata 18. A shekara guda mun ɗauki mutum 4, amma 2 sun ajiye aiki tun ba su cika wata 3 ba. Albashinmu ba na rainawa ba ne. Ranar farko mukan zagaya da su ofis-ofis a gaisa, mu ba su littafin dokokin aiki. Me muke rasawa? Ko dai yaran yanzu ne ba su da haƙuri?

Amsa: Wa alaikumus salam, ranki ya daɗe. Kafin mu ɗora wa yaran yanzu laifi, bari in tambaye ki: ranar Larabar makon farko, wa ya zauna da sabon ma'aikacin? A yawancin wuraren da nake wannan tambaya, sai kowa ya dubi ɗan'uwansa. Abin da kuke yi tarba ce, kuma tarba ta yini guda ce. Shigar da mutum cikin aiki har ya zauna daram kuwa yakan ci watanni.

Na taɓa ganin wani saurayi a wata ma'aikata, ranarsa ta farko. Ya zo da takardar ɗaukar aiki a hannu, kaya a goge, aka ajiye shi a ɗakin baƙi har wajen azahar, domin ogansa yana mitin kuma ba wanda ya san da zuwansa. Da aka samo masa tebur, kwamfutar ba ta da kalmar sirri. Kwana uku yana buɗe littafin dokoki yana rufewa don kada a ce yana zaman banza. Ba wanda ya yi masa tsawa, amma ya fahimci saƙon: ba a shirya masa ba. Saboda haka tebur, kwamfuta, imel, katin shaida da takardun albashi, duk a gama da su kafin ya iso. Wannan shi ne mai sauƙin.

Farfesa Talya Bauer ta Jami'ar Jihar Portland da ke Amurka ta kasa aikin shigar da sabon ma'aikaci gida 4 a shekarar 2010: bin ƙa'ida, fayyace aiki, al'adar wurin, da ƙulla alaƙa da mutane. Littafin dokokinku na farkon kaɗai ya taɓa. Inda nake zargin kuna yoyo shi ne na biyu.

Sabon ma'aikaci yakan kwana da tambaya ɗaya a rai: shin abin da nake yi shi ake so? Idan ba a faɗa masa ba, sai ya riƙa lalube, ya yi aiki tuƙuru a kan abin da ba ya gaban kowa, sannan a ƙarshen lokacin gwaji a ce bai taɓuka komai ba. Wannan zalunci ne, ko da ba da gangan aka yi shi ba. Ogansa na kai tsaye, ba sashen kula da ma'aikata ba, shi ne zai zauna da shi a makon farko da takarda shafi guda: ga abin da muke so ka iya a kwana 30, ga wanda za ka riƙe da kanka a kwana 60, ga abin da za mu auna ka da shi a kwana 90. A rubuta wanda zai riƙa kai wa rahoto, da abin da zai iya yanke hukunci a kai ba sai ya nemi izini ba. Kuma a ba shi wani ɗan aiki na gaske da zai gama cikin makon, ya ga an yi amfani da shi. Bayan nan, su riƙa zama na minti 15 kowane mako. Gyaran da aka yi wa mutum a mako na biyu koyarwa ne. Idan aka ɓoye shi sai wata na uku, ya zama tuhuma.

Sai maganar ɗan jagora. Baƙo ko da ido makaho ne, kuma akwai tambayoyin da ba zai taɓa yi wa oga ba don kunya: yaushe ake fita hutun rana, wa ake nema idan na'urar buga takarda ta ƙi, shin manaja ta fi son a kira ta ko a tura saƙo. A haɗa shi da abokin aiki, tsaransa, wanda ya daɗe a wurin. Kamfanin Microsoft ya gwada haka da ma'aikata 600, ya fitar da sakamako a 2019. Cikin waɗanda suka haɗu da ɗan jagoransu aƙalla sau ɗaya a kwana 90 na farko, kashi 56 cikin 100 suka ce ya taimaka musu saurin kama aiki. Waɗanda suka haɗu fiye da sau 8 kuwa, kashi 97. Ashe ba naɗa mutumin ne aikin ba, yawan zaman ne. Sai dai a kula da wanda za a zaɓa. Kowane ofis yana da mai ƙorafi guda. Idan aka damƙa masa baƙo, cikin mako zai haddace laifin kowa. Kuma a rage wa ɗan jagoran nasa aikin, in ba haka ba zai ɗauki baƙon a matsayin kaya.

Akwai wani abu da ya kamata ki bincika tun daga baya: aikin da aka kwatanta wa sababbin ma'aikatan ranar intabiyu, shi suka tarar? Wanda aka ce zai riƙa hulɗa da abokan ciniki, ya zo ya tarar da shigar da lambobi daga safe har yamma, ba tarbar da za ta riƙe shi.

Mutum biyun nan da suka tafi, ki kira su da kanki, yanzu da ba su da abin tsoro. Kada ki tambaye su dalilin tafiya, za su ce sun samu wani wuri ne. Ki ce: "A wace rana ka fara tunanin barin mu, kuma me ya faru a ranar?"